Tsakanin hawan jini da bakin gwata: lafiyar dattawanmu a Nima da Mamobi

A Zango akwai magana biyu da ake faɗa wa duk wanda girma ya fara kamawa, kuma ɗaya na cin karo da ɗaya. Likita ya ce masa: "Alhaji, jininka ya hau. Ka riƙa shan magani kullum, ka rage gishiri, ka riƙa tafiya da ƙafa." Ya dawo gida, 'ya'ya su ce: "Baba, don Allah ka zauna wuri ɗaya, kar ka je ka faɗi a hanya." Kowane ɓangare da gaskiyarsa, kowa kuma don ƙauna yake faɗa. Amma maganar 'ya'ya ce ke rinjaye, domin likita sai bayan wata biyu ko uku ake ganinsa, su kuwa 'ya'ya kullum suna nan. Sai Baba ya koma kan benci a ƙofar gida, daga nan sai masallaci, daga masallaci sai benci.

Ni ma na haura hamsin, kuma ina cikin masu haɗiyar ƙwaya kowace safiya, don haka maganar ta shafe ni kai tsaye. Abin da na fahimta bayan tambaye-tambaye da ɗan karance-karance shi ne, ba dole sai mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Yawancin abin da ke gyara zuciya shi ne ke hana faɗuwa. Wuri ɗaya ne suke saɓawa da gaske, wato wajen magani, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya. Wannan ba zai ba kowa mamaki ba. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne lissafin faɗuwa. Hukumar ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma waɗanda suka haura sittin su ne a gaba. Bayan haɗarin mota, babu tsautsayin da ya fi shi kisa.

Wanda ya san Nima ba ya buƙatar lissafi. Lungunanmu wani wurin mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Ƙaramar gwata na bin tsakiyar hanya, ruwan wanki da na wanka na malala a ciki, gansakuka ta yi kore a gefe. Inda aka rufe da siminti, wani murfin ya tsage, wani an ɗauke an sa katako. Unguwar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, daga babban titi ana gangarawa ne zuwa babbar gwatar da kowa ya sani. Ka haɗa da daren da aka ɗauke wuta, da okada da ke shigowa lungu ba sallama, da ranar Laraba da kasuwa ke cika har ta malalo kan titi. Saurayi tsallakewa yake yi bai ma lura ba. Tsohuwa mai shekara saba'in kuwa kowane taku sai ta yi lissafi.

Jirin da ke sa a ajiye magani

Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, da ya shekara arba'in yana cinikin goro. An ɗora shi kan maganin hawan jini, bai yi wata guda ba ya fara ganin duhu-duhu in ya miƙe, musamman da asuba. Wata rana ya tashi daga sujada jiri ya kwashe shi, Allah ya sa na kusa da shi a sahu ya tare shi. Daga ranar ya ajiye maganin. Na ce masa, "Baba, da ka koma ka gaya musu." Ya ce, "Yaro, kafin in fara shan abin nan lafiyata lau. Maganin ne ciwon." Bai cika shekara ba ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu hannun dama ba ya ɗaguwa, ƙafar kuma jan ta yake yi, faɗuwar da ya guje wa ta zama abin da ake tsare shi daga gare ta dare da rana.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin jirin gaskiya ne, ba raki ba. In mutum ya miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu. A jikin matashi jijiyoyi kan matse nan take su mayar da shi sama. Da shekaru wannan matsewa tana yin nawa, wasu magunguna kuma suna ƙara mata nawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa jini na 'yan daƙiƙoƙi. Shi ne duhun da ake gani. Likitoci suna da ma'auninsa: a auna mutum yana kwance bayan ya huta kamar minti biyar, sannan a sake aunawa bayan ya miƙe, a minti na ɗaya da na uku. In lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, to akwai abin gyarawa. Gyaran kuwa sau da yawa ƙarami ne: a rage yawan ƙwayar, ko a canza wata da wata, ko a sauya lokacin sha. Magungunan hawan jini ba iri ɗaya ba ne. Amlodipine daban, lisinopril daban, masu sa fitsari irin bendroflumethiazide da furosemide su ma daban. Amma a layin asibiti mai cunkoso a zaune ake auna mutum, a rubuta, a kira na gaba. In ba ka buɗe baki ka ce "ina ganin jiri in na tashi" ba, ba wanda zai sani. Ka faɗa, ka kuma roƙi a auna ka a tsaye. Ɗan da ya raka mahaifiyarsa Babban Asibitin Mamobi ko Ridge ko Asibitin Sojoji na 37, wannan ce maganar da ya kamata ya fara yi a madadinta, don iyayenmu mata in sun ga likita sai su ce "da sauƙi" ko da babu sauƙin.

An taɓa gwada wannan tambaya kai tsaye a Amurka. Binciken da ake kira SPRINT, wanda sakamakonsa ya fito a 2015, ya ɗauki mutum 9,361 masu shekara hamsin zuwa sama, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka sauke lambar jininsu ta sama zuwa ƙasa da 140, ɗayan kuma ƙasa da 120. Waɗanda aka fi sauke wa jini sun samu raguwar manyan matsalolin zuciya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mutuwa ma ta ragu a cikinsu. Suma da faɗuwar jini sun ɗan ƙaru musu, amma faɗuwar da ke kai ga rauni ba ta ƙaru ba, har a cikin waɗanda suka haura 75. Kada wani ya ɗauki 120 ɗin nan ya ɗora wa kansa fa. Mutanen binciken ana bibiyar su sosai, kuma ba a sa masu ciwon suga ko waɗanda suka taɓa shanyewar jiki ba. Lambar da ta dace da kai likitanka ne zai yanke. Abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne, tsoron faɗuwa bai isa hujjar barin jini a sama ba.

Namu binciken na gida ya fi wannan tsoratarwa. SIREN, wanda aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, ciki har da Korle Bu da Kumasi da Kano da Zariya, ya fito da sakamako a 2018 cewa kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a wurinmu na da alaƙa da hawan jini. Mu kuwa har yanzu in ta sami mutum sai a ce iska ce ta buge shi, ko a fara duban makwabcin rumfa.

Ban da likita, akwai abin da mutum zai yi da kansa. In ka farka, kada ka zabura. Zauna a bakin gado, ka motsa ƙafafu, ka yi addu'ar tashi daga barci a zaune, sannan ka miƙe kana dafe da wani abu. Ka sha ruwa isasshe, don zafin Accra na watan Fabrairu da Maris na tsotse jiki, jikin da ya bushe kuma shi jiri ya fi kamawa. Ƙwaya mai sa fitsari galibi da safe ake shan ta, saboda wanda ya sha ta da dare zai yi ta sintiri zuwa makewayi cikin duhu, a gidan haya kuwa makewayin na can ƙarshen tsakar gida, wani gidan ma sai an fita waje. Ajiye fo ko bokiti mai murfi a ɗakin tsoho ba abin kunya ba ne. Haka salla a zaune ga wanda tsayuwa ke yi wa barazana, malamai sun yi bayanin halaccinta, sai dai dattawanmu maza na jin nauyin a gan su kan kujera a sahu. Limamai za su taimaka ƙwarai in suna tuna wa jama'a wannan lokaci-lokaci.

Sauran ƙwayoyin da ke cikin leda

Ka buɗe ledar maganin kowace tsohuwa a Zango ka gani. Na asibiti na ciki, na kemis na ciki, ga wanda 'yarta ta aiko daga Jamus ko Amurka, ga na Makka, ga kwalbar tsimi da aka saya a mota. Maganin ciwon gwiwa irin diclofenac da ibuprofen, in ana shan su kullum, suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda. Maganin barci irin diazepam, da tramadol, suna sa mutum tangaɗi. Maganin suga in ya yi yawa ko aka sha ba a ci abinci ba, yana iya kayar da mutum. Shawarar da na fi ba kowa ita ce a kwashi ledar gaba ɗaya, har da na gargajiyar, a kai gaban likita ko mai ilimin haɗa magunguna a zazzage. Ba za su yi faɗa ba, in ma sun yi, faɗan ya fi karaya sauƙi.

Kuɗi ma na cikin abin da ke sa a yanke magani. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar jinyar hawan jini, kuma wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. Ana sabunta kati ta waya da *929#. Sau nawa ake zuwa asibiti da tsoho sai a taga a gane katin ya mutu tun bara.

Zaman benci

Yanzu ga maganar 'ya'ya, ta "Baba ka zauna". Naman cinya da na ƙwauri ba ya jiran mai shi. In ba a aiki da shi zubewa yake yi, a jikin tsoho kuma da sauri. Wanda ya zauna wata shida don tsoron faɗuwa, ranar da dole ta sa shi tsallaka gwata da ƙafafun da suka fi na da rauni zai tsallaka. Zuciyar ma haka. Mu 'yan kasuwa muna ruɗin kanmu da cewa muna aiki tun safe har dare, alhali aikin a zaune ne: yaro ya ɗauko, kayayo ta kai, mu muna lissafi muna amsa waya. Iyayenmu da suka bi hanyar Salaga da jakuna ba su san wannan zaman ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Ka ce rabin awa sau biyar, kuma ana iya gutsura shi, minti goma nan, goma can. Matsakaici na nufin tafiyar da za ka iya hira a cikinta amma ba za ka iya jan dogon karatu da murya ba. Ga waɗanda suka kai 65 sai ta ƙara wani abu: atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa, aƙalla kwana uku a mako. Wannan ƙarin shi ne mutane ke tsallakewa. Tafiya tana gyara zuciya, amma ita kaɗai ba ta cika koya wa jiki yadda zai tare kansa in ya yi tuntuɓe ba. Masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 108 a 2019, suka ga motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kashi 23 cikin ɗari, kuma atisayen daidaita tsayuwa ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Ba wani abu ne mai buƙatar kayan aiki ba. Kujera mai ƙarfi a jingine da bango: ka zauna, ka tashi, ka zauna, ka tashi, sau goma, da farko da taimakon hannu, daga baya ba hannu. Ka dafa bango ka ɗaga dugadugai ka sauke. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana riƙe da ƙyauren taga, ka ƙirga goma, ka canza. Ka yi tafiya a gefen bango kana ɗora dunduniyar wannan ƙafa a gaban yatsun waccan. Irin waɗannan ne ke cikin tsarin Otago da aka ƙirƙiro a ƙasar New Zealand don tsofaffi su yi a gida. Goggona da ke Mamobi da farko dariya ta yi, ta ce, "Ni da jikoki goma sha ɗaya za ka sa ni wasan 'yan makaranta?" Jikokin ne suka karɓe zancen, suna ƙirga mata da ƙarfi bayan la'asar. Yanzu takan tashi daga tabarma ba tare da ta kira kowa ba, abin da ya gagare ta bara.

Wajen tafiya kuwa a zaɓi wuri da lokaci. Ba cikin duhun asuba ba, a bari gari ya waye. Filin Kawukudi na nan, harabar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ita ma shimfiɗaɗɗiya ce. A tafi biyu-biyu ko uku-uku. Mata sun fi buƙatar wannan, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu na saurin yin rauni, kuma su ne aka fi tsarewa a gida. Hajiyoyin da ke zuwa makarantar islamiyya tare, in sun ƙara zagaye ɗaya a hanyarsu, ya wadatar a fara. Calewote da ya sha ruwa ya lashe ba takalmin tafiya ba ne, a nemi mai rufi ko mai maɗauri a baya. Jallabiya ko zanen da ke jan ƙasa a ɗage. Sanda kuma ba ta tsufar da kowa. Wanda ya san yana da ciwon zuciya, ko yake jin nauyi a ƙirji ko haki in ya ɗan yi tafiya, ya fara ganin likita kafin ya soma.

Tukunya da hanya

Gishirin da aka yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Namu a ɓoye yake. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga momoni, ga kobi, ga naman tolo, ga shito a kan wake da shinkafar safe. Waken kansa ba shi da laifi, alheri ne ma. Kanwa ita ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen jini, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ba na ce a ci lami ba. A jiƙa kifin gishiri a zubar da ruwan, a rage magi a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, a daina barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Binciken SIREN ɗin nan ya ga masu yawan cin ganye sun fi tsira daga shanyewar jiki, mu kuwa ga ayoyo, ga alayyafo, ga kontomire, ga zogale, duk a kasuwar Nima. Sai dai tsoho kada a rage masa abinci har ya rame da sunan kiwon lafiya. Yana buƙatar wake, kifi, ƙwai da nono don naman jikinsa ya tsaya.

Masu doguwar tafiya, 'yan albasa da ke tsakanin Nijar da Adjen Kotoku da masu bin hanyar Aflao zuwa Legas, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Mutum ya ƙi shan ruwa don kada fitsari ya dame shi a mota, ya yi awa goma a naɗe, yana ta goro da shayi, sannan a kan iyaka ya diro daga mota lokaci guda. Ku sauko a hankali, ku dafa ƙofa. Ku ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, a aljihu ba a cikin kaya ba, da hoton kwalinsa a waya, don sunan da ke jikin kwali a Yamai ko Lome ba lallai ya zama irin na Accra ba. Azumi ma haka: a je a tsara lokutan sha da likita tun watan Sha'aban, musamman mai shan ƙwayar fitsari ko ta suga.

Gyaran gida ba ya cin kuɗi sosai. Ƙwan lantarki mai caji a hanyar makewayi. Ƙarfen dafawa a bangon wurin wanka, kowane mai walda a Nima zai yi shi cikin yini ɗaya. Kujerar roba don wanka a zaune. A kankare gansakuka, a ɗauke ledar ƙasa da ta naɗe baki. Tayil mai sheƙi da muke yayin sawa a wurin alwalar masallatai yana da kyau a ido, amma in ya jiƙe tarko ne, kwamitocin masallaci su duba. A kai tsoho a duba idonsa, don yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. Murfin gwata da fitilar lungu kuwa aikin hukuma ne, kuma tun 2017 akwai dokar Asusun Raya Zango. Sarakunanmu da 'yan majalisar unguwa su sa waɗannan cikin abin da suke nema, kusa da makaranta da ruwa.

In an riga an faɗi, kada a yi saurin ɗaga mutum. A tambaye shi inda ke ciwo. In ƙugu ne, ya kasa taka ƙafar, ko ƙafar ta gajarta ta juya waje, asibiti za a nufa, ba wurin mai ɗori ba, domin karayar ƙugu a tsoho galibi sai da tiyata, kuma kowane kwanan da ya ƙara a kwance yana jawo ciwon huhu da gudan jini da gyambon kwanciya. In kai ya bugu, musamman ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, a je ko da ya ce ba komai, don jini na iya taruwa a hankali cikin kwanaki. In baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a kira 112 ko a tari mota nan take, kada a tsaya shafa mai ko ɗura ruwa. Sannan a tambaye shi ko ya tuna yadda ya faɗi. Wanda ya ce "na yi tuntuɓe da dutse" daban yake da wanda ya ce "kawai farkawa na yi na gan ni a ƙasa". Na biyun nan zuciyarsa za a bincika, don bugun da ke tsallake ko yake yin nawa na iya yanke wa mutum hayyaci ba gargaɗi. Gwajin farko shi ne wanda ake liƙa wayoyi a ƙirji, ba ya ɗaukar minti goma, in kuma aka ga abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai cibiyar zuciya ta ƙasa a Korle Bu da ake tura mutane.